Yarinyar Da Lissafin Ajinsu Ya Yi Wa Kaɗan

Yau kusan wata huɗu ke nan wata magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita, musamman saboda mu da 'ya'yanmu ke karatu a makarantun gwamnati na nan Kudu. Maganar a kan 'yata ce. Ba zan kama sunanta ba, 'yar fari ce, kun san al'ada.

A nan Sabo ta Ibadan aka haife ni, nan kuma aka haife ta. Kakana goro ne ya kawo shi, mahaifina ya gaji goron, ni kuwa na koma albasa da tattasai a kasuwar Bodija. Tana aji 4 na firamare, wata Asabar ta bi ni kasuwa, ta tarar muna ta musu da yarona a kan littafin bashi da ruwan sama ya jiƙa. Farashin kaya ya goge, jimla kawai ta rage. Wata mata ta ɗauki albasa buhu 3 da tattasai kwando 2 a kan N190,000, wata kuma buhu 1 da kwando 2 a kan N90,000, duk rana ɗaya. Muna ta ƙoƙarin tuna yadda aka sayar a ranar, sai yarinyar nan ta leƙo ta ce, "Baba, ai kwandunansu ɗaya ne. Bambancin buhu biyu ne, kuma dubu ɗari ne. Kowane buhu dubu hamsin ke nan, kwando kuma dubu ashirin." Na danna a waya, haka ne cif. Daga baya ne na ji cewa irin wannan lissafi sai a JSS 3 ake koyar da shi.

Da ta shiga JSS 1 a wata makarantar gwamnati da ke kusa da mu, ba a yi zango ɗaya ba aka fara aiko mini da ƙara. Wai tana surutu, wai tana yi wa ƙawayenta aikin gida. Na je na samu malamar lissafinsu, wata Bayarabiya mai kirki. Ta ce, "Alhaji, 'yarka ba fitina gare ta ba, zaman banza ne ya ishe ta. Aikin da na ware wa minti arba'in, a minti biyar take gamawa. Yara sun fi saba'in a ajin nan, in na tsaya kanta sauran fa?" Wallahi ban ga laifinta ba.

Ita ce ta raka ni wurin shugaban makaranta. Abin da muka roƙa ba wani babba ba ne: a bar yarinyar a ajinta, amma in lokacin lissafi ya yi ta riƙa shiga aji na gaba. Mutumin ya saurare mu da kyau, sannan ya buɗe rajista ya nuna mini. Ya ce kowane yaro layi ɗaya gare shi, a aji ɗaya, makinsa na gwaji a nan ake rubutawa, kuma in masu duba makarantu suka zo daga ma'aikata ba shi da amsar da zai ba su. Abin da ya ce zai iya nema mana shi ne a tsallake da ita gaba ɗaya zuwa aji na gaba.

To a nan ne gabana ya faɗi, don ni an taɓa yi mini wannan gatan. Ina firamare aka ɗauke ni daga aji 3 zuwa aji 5 saboda na iya lissafi. Mahaifina har rago ya yanka. Amma lissafin ne kawai ya tsallaka, Turancina yana nan a aji 3 inda aka baro shi. Na zama ƙaramin kowa a aji, ni ake aika, ni ake dungure wa kai, in malami ya ce a karanta sai in sunkuyar da kai. Kafin in kai aji 3 na sakandare makaranta ta fita raina, na bi mahaifina kasuwa. Ba na raina kasuwa, ita ta yi mini riga da wando, amma na san abin da ya kore ni. Ita ma 'yar tawa haka take: a lissafi ta wuce sa'o'inta nesa, a Turanci tsaka-tsaki ce, darasin Yarabanci kuwa tana jin yaren kamar kowa amma rubutunsa da ɗige-ɗigen nan na sama da ƙasa yana ba ta wahala.

Akwai kuma lissafin shekaru, wanda uwarta ce ta fara yi, ba ni ba. In aka tsallake da ita za ta gama sakandare tana 15. A 2024 Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, aka yi ta ka-ce-na-ce, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da abin 16. A 2025 JAMB ta buɗe wata 'yar ƙofa ga waɗanda ba su kai 16 ba, amma sai yaro ya ci 320 cikin 400, sannan a sake tantance shi. Uwarta ta ce, "Malam, in ta zauna shekara guda a gida tana jiran shekaru, ka san abin da zai biyo baya." Na sani. Gwaggonninta tun yanzu sun fara cewa yarinya ta yi tsawo.

Wani zai ce ai gwamnati ta yi tanadi. E, akwai makarantar haziƙai ta Suleja, wadda aka kafa zamanin Babangida, kuma NECO ce ke shirya jarrabawar shiga. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja da ke shirya gasa. Amma ni ban ji labarin jarrabawar Suleja ba sai da 'yata ta riga ta shiga JSS 1, kuma duk majalisarmu ta bayan la'asar ban samu mutum ɗaya da ya san lokacin da ake sayar da fom ba. Ko da na sani, sai na fara zuwa garin kakana neman takardar asali, garin da yarinyar nan sau biyu ta taɓa taka shi. Sannan makaranta ɗaya tak, yara nawa za ta ɗauka a ƙasa irin wannan?

Wani ɗan yayana da ke karatu a Amurka, da na ba shi labari a waya, ya ce a can yawancin makarantun gwamnati abin da na roƙa shi suke yi: yaro yana ajinsa, amma a lissafi kaɗai a tura shi gaba. Ya ce su ma rigima suke a kai. A San Faransisko an hana koyar da aljabara a aji 8 a 2014, wai don kada a raba yara gida biyu, sai da iyaye suka yi ta ƙorafi har aka kaɗa ƙuri'a a 2024 aka nemi a dawo da ita. Na fahimci tsoronsu, don a nan ma in aka buɗe wannan ƙofa 'ya'yan masu uwa a gindin murhu ne za su fara cika ta. Amma rufe ƙofar ma ɗan talaka take cuta. Mai kuɗi zai ɗauko malamin lesin ya zo har gida.

Abin da muka ƙare a kai, ba a rubuce yake ba. Malamar nan ita ce ke koyar da JSS 3 kuma. Ta roƙi abokin aikinta suka ɗan juya jadawali, ya zama ranar Talata da Alhamis yarinyar tana zama a bencin baya na JSS 3 lokacin lissafi, sauran ranaku tana ajinsu. Jarrabawar JSS 1 take rubutawa, sunanta yana layinsa a rajista, shugaban makaranta kuma ya kau da kai. Tun daga nan ba a sake aiko mini da ƙara ba. Da dare sai in ji tana yi wa ƙannenta bayanin kusurwa da tsinken tsintsiya.

Na kai wa malamar albasa rabin buhu, da ƙyar ta karɓa. A ranar ce take gaya mini cewa sunanta na cikin waɗanda ake rade-radin za a yi wa canjin wurin aiki a ƙarshen zangon nan. Na tambaye ta ko wanda zai zo zai ci gaba da wannan tsari, ta ce, "Alhaji, sai dai ka sake zuwa ka roƙa." Ban gaya wa yarinyar ba tukuna.