Naka ko Nasu?

Duk wanda ya taɓa ɗaga Ubuntu ko Debian zuwa sabon zubi ya san inda aikin ke tsayawa cik. Kwamfuta ta tarar da fayil ɗin saiti a cikin /etc wanda wani ya gyara da hannu, ga kuma sabo ya zo daga masu manhajar, sai ta tambaya wanne za a bari. Harafin N ya riƙe naka, Y ya ɗora nasu, D ya nuna bambancinsu layi-layi. In ka danna Enter kawai, naka ne zai zauna.

Ni aikina magana a makirufo, amma a ƙaramin gidan rediyo irin namu kowa yakan taɓa komai. Shirinmu yana fita intanet ta Icecast, kalmar sirri da adireshin tashar kuma suna cikin fayil guda, icecast.xml. A danna Y a kansa ba a duba ba, masu sauraronmu na Kumasi da Kano su wayi gari shiru. Shi ya sa kowa ke gudu wajen N, ban kuma ga laifinsu ba.

Sai dai N ɗage shari'a ce kawai. Sabon fayil ɗin yana nan kusa da tsohon, an liƙa masa .dpkg-dist a ƙarshen suna, yana jiran wanda zai karanta shi. Sau da yawa a cikinsa gyaran tsaro yake, ko wani saiti da aka sauya wa suna. Shekara biyu ta zagayo, wani zubin ya zo, a sake danna N.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne canjin da ba a tambayarka. Tun daga Ubuntu 22.10 PipeWire ya karɓi ragamar sauti daga PulseAudio. Wanda ya tsallaka daga 22.04 zuwa 24.04 yana iya ganin gyare-gyarensa a /etc/pulse/default.pa lafiya lau, alhali babu mai karanta su. Ga mai aikin murya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A wajenmu yanzu, kafin a fara sai an kwafe /etc gaba ɗaya a filashi. An gama, mu nemo kowane .dpkg-dist mu gwada shi da namu. Layin da aka canza kuwa, a sa # a samansa a rubuta dalili da kwanan wata, domin injiniyan da ya fara haɗa mana na'urorin ya koma wani gari da duk dalilansa a ka.