Giwar Yumɓu Da Giwar Keji

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Bari in fara da tambaya. A cikinmu nan 'yan Arewa masu karatu, mutum nawa ne suka taɓa ganin giwa da idonsu? Ba a waya ba, ba a littafin firamare ba. Na yi wannan tambayar a ajinmu na masu digiri na biyu, mu goma sha huɗu, hannu uku ne suka tashi har da nawa, kuma dukkanmu a gidan zoo muka gan ta, wajen yawon Sallah ko na Kirsimeti. Amma ku saurari bakinmu. Jarumi toron giwa ne, matar sarki giwa ce, a jiharmu ta Kaduna har ƙaramar hukuma muke da ita mai suna Giwa, yaron da ya shiga Islamiyya kuwa bai daɗe ba zai haddace Suratul Fil. Ta cika mana baki, a daji kuma ta kusa ƙare mana. Ƙiyasin da aka bayar lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin kare giwaye na ƙasa a Agustan 2024 shi ne, waɗanda suka rage a Najeriya gaba ɗaya ba su wuce 300 zuwa 400 ba.

Abin da ya jawo ni cikin maganar ba lakca ba ce, aikin hannu ne. Mu kaɗan ne a nan Kafanchan muke haɗuwa ranar Asabar da yamma a gindin mangwaro bayan ɗakunan kwana, kowa da abin da yake taɓawa don kansa ya huta da aikin bincike. Akwai mai saƙar kwarashi, akwai mai jera duwatsun ado, akwai wani ɗan Zariya da ya gaji dukanci yana ɗinka 'yan jakunkuna, ni kuma zanen ƙwarya nake yi da wuƙa mai zafi. Sai wata 'yar Kwoi da kakarta maginiyar tukwane ce, ita da yumɓu take zuwa. Ita ce ta nuna mana hoton wani kan giwa na yumɓu daga kayan tarihin Nok, wanda aka tono a wajen haƙar kuza a Udegi, cikin jihar Nasarawa ta yanzu.

Ku da kuke karatu a nan ba ku taɓa leƙawa Nok ba, wallahi kuna cutar kanku, ga ta nan a ƙaramar hukumar Jaba, ba wata tafiya ba ce. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan gine-ginen yumɓu a can. Daga baya aka samo wani kan mutum a yankin Jama'a, nan kusa da mu, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumin korar dabbobi, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Masana sun ce kayan sun haura shekara 2,000. To abin da ya tsaya min a rai shi ne, wanda ya gina kan giwar nan ba shi da hoto, ba shi da intanet. Da idonsa ya gan ta, a wannan yankin namu na tsakiyar ƙasa, ya kalle ta da kyau har hannunsa ya iya fitar da ita.

Mu da muka ce bari mu gwada, abin dariya ya koma. Ta farko da 'yar Kwoi ta gina, ɗan Zariya ya ce wannan ai alade ne ya ari tiyo. Sai da muka koma muna kallon hotuna da bidiyo a tsanake. A nan muka gane giwar Afirka kunnenta ya fi na giwar Asiya faɗi nesa ba kusa ba, kuma da shi take fifita tana rage zafin jiki. A ƙarshen hannunta akwai 'yan tsinaye biyu kamar yatsu, ta Asiya guda ɗaya gare ta. Tafin ƙafarta kuwa akwai wani kitse kamar matashi a ciki, shi ya sa duk girman nan take tafiya ba ka jin takunta. ('Yan uwanmu da ba sa yin surar abu mai rai saboda addini ba mu yi gardama da su ba, ni ma ina cikinsu: sawun giwa nake ƙonawa a ƙwarya, zagaye-zagaye a jere, kuma ya fi saurin shiga kasuwa ma.)

Matsalar kallo da kyau ita ce, idan ka iya shi ba ka iya ajiye shi. A hutun da ya wuce na koma wani gidan zoo na nan Arewa don in ɗauki hoton ƙafar giwa. Ita kaɗai ce a wurin. Tana tsaye a kan daɓe, tana jujjuya kai dama da hagu, dama da hagu, yara suna ihu wai rawa take musu, wani yana jefa mata ledar biskit. Ba rawa ba ce fa. Masana dabbobi sun san wannan jujjuyawar, alamar ƙunci ce da kaɗaici, ba a ganin ta a giwar daji. Giwa dabbar dangi ce, uwar garke ce ke jan 'ya'ya da jikoki, ciki wata 22 take ɗauka, tana iya kaiwa shekara 60 zuwa 70, tana yini tana tafiya tana kiwo, babba takan ci abinci har kilo 150 a rana. Ka ɗauki irin wannan halitta ka tsayar a fili kamar na wasan ƙwallon raga, ƙafa ce ke fara lalacewa, farce ya tsage, gaɓoɓi su kumbura. Wani bincike da aka buga a 2008 ya kwatanta giwayen Afirka mata da aka haifa a gidajen zoo na Turai da na dajin Amboseli a Kenya: na zoo tsaka-tsakin rayuwarsu kusan shekara 17, na daji da suka yi mutuwar Allah da Annabi 56. Turai fa ake magana, inda akwai kuɗi da likitoci. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Ban taɓa jin nauyin karin maganar ba sai a gaban kejin nan. Ma'aikacin da ke kula da ita kuwa ban ga laifinsa ba, mutum ne mai son dabbarsa, abin da aka ba shi da shi yake aiki.

Wani zai ce to a kwance ta a kai ta daji mana. Ba ya yiwuwa haka kawai. Giwar da ta yi shekara talatin ana miƙo mata abinci ba ta san inda ruwa yake da rani ba, ba ta da garke, kuma ta daina tsoron mutum, wanda shi ne abu mafi haɗari gare ta da mutanen ƙauye. Shi ya sa a wasu ƙasashe aka ƙirƙiro mafaka, wato wani makeken fili mai shinge, da itatuwa da tafki da ƙasa mai laushi da 'yan uwanta giwaye, ba a hawanta, ba a sa ta wasa, ta ƙarasa rayuwarta a hankali. Akwai ɗaya a jihar Tenesi ta Amurka tun 1995. Akwai ta Chiang Mai a Tailan da wata mata Lek Chailert ta kafa, a ƙasar da hana sare daji a 1989 ya bar giwayen jan gungume ba aiki, masu su suka juya su zuwa bara a titi da ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. A can ne ma ake koya wa giwa riƙe buroshi ta yi zane a sayar. Idan kun ga bidiyon kuna cewa masha Allah, ku sani horo ne aka yi mata har ta haddace layukan, ba ilhama ba ce. Ni a matsayina na mai zane abin haushi yake ba ni.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Kaavan, toron giwar da Siri Lanka ta ba Pakistan kyauta a 1985. Shekara 35 ya yi a gidan zoo na Islamabad, abokiyar zamansa ta mutu a 2012 ya rage shi kaɗai. Da koke a intanet aka fara, mawaƙiyar Amurka Cher ta shiga ciki, a Mayun 2020 babbar kotun Islamabad ta ba da umarnin a fitar da shi, ƙarshen Nuwamban shekarar aka sa shi a jirgin sama zuwa wata mafaka a Kambodiya. Pakistan ba ƙasar da ta rasa matsalolin tsaro da talauci ba ce, amma alƙali ya zauna ya saurari ƙarar dabba.

Na kawo wannan ne saboda na san abin da ke bakin wasunku, an riga an faɗa min shi ido da ido. Wani abokina ɗan Zonkwa ya ce, "Malam, mutane ake kashewa a ƙauyukanmu, kai kana nan kana kukan giwa?" Ban ji haushinsa ba, don ya binne 'yan uwa, kuma duk wanda ya zauna a Kudancin Kaduna ya san ba wasa yake ba. Abin da na ce masa shi ne ya duba taswira. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sunan da ake tsorata yara da shi. Kamuku da ke Birnin Gwari, a jiharmu, gandun daji ne na ƙasa tun 1999, an san shi da giwaye, yau wa zai ɗauki ɗalibai ya kai su can? Dajin da ma'aikatan gandu suka bari ba ya zama fanko, wani ne ke shiga. Yankari kuwa, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da aka keɓe tun 1956, har yanzu tana riƙe da giwaye wajen 100 saboda akwai masu sintiri da ake biya suna kwana a ciki, tare da tallafin ƙungiyar WCS. Wurin da giwa ke iya kwana lafiya, galibi mutum ma yana iya wucewa lafiya. Bai ce ya yarda ba, amma Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo da gora biyu ya ce a koya masa zane.

Ba kuma na so mu zama irin masu son dabba daga cikin waya, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Manomin da ke gefen Yankari, ko na Kala Balge a Borno inda garke ke tsallakowa daga Kamaru, giwa tana iya share masa gonar shekara a dare ɗaya. Mu nan da muka ga yadda cutar citta ta 2023 ta durƙusar da gidaje a Kachia da Jaba, har wasu 'yan uwanmu suka kasa biyan kuɗin makaranta, mun san ma'anar a wayi gari gona ta tafi. Duk maganar kare giwa da ba ta da amsar da za ta ba wannan manomin, surutu ce. A Kenya wata mai bincike Lucy King ta gwada kewaye gona da amya, don giwa na tsoron zuma, manomi ya tsira da amfaninsa ya kuma sami zumar sayarwa. 'Yan sashen noma, ga taken bincike nan kyauta, ku daina damun mu da takin kaji.

Sai batun kuɗi, inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja. Mun yanke za mu baje kayanmu ranar 12 ga Agusta, ranar giwa ta duniya. Mai kwarashi ta ce a tura abin da aka samu gidan marayun giwaye na Sheldrick da ke Nairobi, inda ake ɗaukar nauyin ɗan giwa da dala 50 a shekara, su riƙa turo maka labarinsa. Aikinsu na da kyau, ba na musu. Amma dala 50 yau kusan albashin wata ne na ƙaramin ma'aikaci mai naira 70,000, kuma su suna da masu ba su daga ko'ina a duniya. Wadda na gani tana jujjuya kai ba ta da kowa. Ra'ayina, wanda da ƙyar ya yi rinjaye, shi ne kuɗin ya tsaya a gida. Za mu rubuta wa hukumar gidan zoo ɗin takarda cikin ladabi, mu tambayi abin da likitansu ya yarda a kawo, rake ne ko ganye ko lodin yashi da za a zuba a kan daɓen, mu kai da hannunmu. Biyu daga cikin 'yan zanen gine-gine kuma sun ɗauki alkawarin zana yadda ƙaramar mafaka za ta kasance a irin ƙasarmu, da inuwa da tafki da lissafin kuɗinta, don ranar da za a je gaban wani kwamishina kada a je hannu rabbana.

Doka ɗaya muka kafa wa teburin: ba abin haure, ko na gaske ko na roba mai kama da shi. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, a Janairun 2024 ma an niƙe a Abuja wajen tan biyu da rabi da aka kama. Idan wani ya kawo maka ɗan kunne ko carbi ya ce na haure ne, ka bar masa kayansa.

Abin da muke nema yanzu: ƙwarya busasshiya marar tsaga, guntayen fata daga wajen masu takalmi, da wanda zai taimaka mana da itace ko ƙaiƙayi don gasa kayan yumɓun, saboda damina ta sa komai ya jiƙe. Wanda bai iya komai ba ma ya zo, akwai aikin goge ƙwarya da yashi. Ƙarfe huɗu muke farawa, kowa ya zo da abin zamansa.