Abin Da Na Gani A Wasan Shiga Rigar Jarumi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk sa'ad da hirar wasannin kwamfuta ta taso a tsakanin ɗalibai, akan rabu gida biyu: masu buga su, waɗanda ba su da bayanin da ya wuce su ce akwai daɗi, da masu kushe su, waɗanda galibi ba su taɓa riƙe maɓallan ba. To, da yake na yi 'yan shekaru ina buga wani nau'i daga cikinsu, na ga ya kamata in tofa albarkacin bakina, ko ma huta da gardamar da ba ta da tushe.

Nau'in da nake nufi shi ne wanda zan kira wasan shiga rigar jarumi. Ana ba ka mutum guda, ka zama kai ne shi, ka fara da rauni da tsohon takobi, kana yaƙi kana ƙara ƙarfi da makamai har ka kai ga manyan dodanni. Tushensa wani wasa ne na tebur mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin sa da takarda da ɗan lido. Da aka mai da irinsa cikin kwamfuta, sai ya zamana faɗan bi da bi ne, ka ba da umarni ka jira. A 1984 wasanni irin su Dragon Slayer da Hydlide na ƙasar Japan suka kawar da jiran, ya zama da yatsunka za ka kai sara, da su za ka kauce, nan take.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne Dark Souls, na kamfanin FromSoftware, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranci ƙirƙirarsa a 2011. Dokarsa mai tsanani ce. Duk abokin gabar da ka kashe yana bar maka wani abu da suke kira rayuka, su ne kuɗinka, su ne kuma abin ƙara ƙarfinka. In aka kashe ka, sai dukkansu su zube a wurin, a mai da kai gindin wutar da ka huta a baya, maƙiyan da ka share kuma su dawo. Dama ɗaya gare ka ka koma ka kwashe abinka. In ka sake faɗuwa a hanya, shi ke nan, an yi ba wan ba ƙanen. Akwai wasu dodanni biyu a birnin Anor Londo, Ornstein siriri mai mashi da zafin nama, da Smough ƙato mai guduma, waɗanda ake yaƙa a lokaci guda, kuma in ka kashe ɗaya sai ɗayan ya gaji ƙarfinsa ya warke sarai. Dare uku na yi a kansu. Abin da ya ba ni nasara shi ne kallo: in lura da yadda kowannensu ke ɗaga kafaɗa kafin ya kawo hari, in yi sara biyu in ja da baya ko da na ga kamar akwai damar na uku. Wannan sara na uku shi ke kashe yawancin 'yan wasa, domin kuwa kwaɗayi mabuɗin wahala. Ranar da suka faɗi hannuna na rawa, na kuma san cewa makamin da nake riƙe da shi bai canza ba tun daren farko, ni ne na canza.

Ta fuskar labari kuwa, The Witcher 3 ne ya fi girgiza ni. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar da shi a 2015, bisa littattafan marubucinsu Andrzej Sapkowski. Jarumin, Geralt, maharbin dodanni ne da ke neman Ciri, yarinyar da ya rena. A hanya yakan haɗu da wani basarake mashayi wanda ya addabi matarsa da duka har ta gudu da 'yarsu, ga shi kuma nadama na cin sa. Can gaba sai ka tarar da wani iska da aka ɗaure a cikin bishiya, yana roƙon ka sake shi don ya ceci wasu marayu daga hannun mayu. In ka sake shi, marayu su tsira, amma ya hallaka ƙauye guda, matar basaraken ta mutu, shi kuma ya rataye kansa. In ka kashe shi, matar ta rayu da taɓin hankali, marayun kuwa sun tafi ke nan. Ni na sake shi, kuma ko yau aka sake tambayata haka zan yi, amma na kwana biyu abin na yi mini nauyi. A tatsuniya, in Gizo ya yi ta'asa, mai sauraro dariya kawai zai yi, don ba hannunsa a ciki. A nan kuwa ni na danna, ni na zaɓa, babu wanda zan ɗora wa. Wannan wani abu ne da ban taɓa samu a littafi ko majigi ba, kuma ina ganin ya cancanci manazarta adabi su dube shi da idon basira.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wasu daga cikin wasannin nan an gina su ne a kan ɗabi'ar caca. A Diablo II, na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2000, ba ka san abin da dodo zai yar ba in ya mutu, ko tsumma ko takobin da ba kamarsa. Saboda haka sai ka ga mutum yana kashe dodo guda sau ɗari, ba don labari ba, ba don gwaninta ba, sai don ko a dace. Ga kuma cin lokaci. Wanda zai bi duk lungunan The Witcher 3 yana iya shafe sa'o'i fiye da 100. Kwas mai sa'a 3 a mako, cikin mako 15, sa'o'i 45 ne. Ashe wasa guda yana iya haɗiye laccocin kwas biyu har da ragowa. Shi ya sa ni nakan ajiye na'urata a gida sai hutu, kuma kafin in fara wani wasa nakan tambayi waɗanda suka riga ni, shin wannan zai bar mini wani abu, ko kuwa ja na kawai zai yi ta yi?

Wani abin da ya ƙara mini sha'awa shi ne, harkar ba ta tsaya ga Turawa da Japanawa ba. A 2016 wasu matasa na kamfanin Kiro'o Games a birnin Yawunde na Kamaru sun fitar da Aurion, labarin yarima Enzo wanda surukinsa ya ƙwace masa sarauta a ranar aurensa da naɗinsa, ya fita tare da amaryarsa Erine neman ƙarfin kakanninsa. Bai kai waɗancan kuɗi da ƙawa ba, amma ya nuna cewa abin da ake fara nema shi ne labari mai jijiya da wanda ya iya tsara shi.

Saboda haka ina kira ga masu kushe su zauna kusa da mai bugawa ko da na sa'a guda ne kafin su yanke hukunci, masu bugawa kuma su riƙa duba agogo, su kuma koyi faɗin abin da suka gani. In an yi haka, gardamarmu ta gaba za ta fi ta baya armashi.