Gwallameji, Unguwar Ɗalibai, Da Maganar Da Ba A Ɗaga Murya A Kanta

A kudu maso yammacin birnin Bauci, kan hanyar da ta nufi Dass, akwai wata unguwa a gefen Yalwa da ake kira Gwallameji. Dā ƙauye ce ta manoma, amma tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1979, ta kuma buɗe jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1980, sai gonakin wannan yanki suka riƙa komawa gidajen haya, ɗaki na bin ɗaki, har ya zama baƙo ba ya iya gane inda ƙauyen ya ƙare da inda gari ya soma.

Lokacin da ya fi kyau a ga unguwar shi ne bayan la'asar sakaliya, sa'ad da ɗalibai ke fitowa daga karatu. Keke Napep na sauke wasu yana kwasar wasu, mai shayi na hura wuta, mai tsire na jera tsinke, ga ƙamshin masar nan da aka san Bauci da ita. In magariba ta yi babu wutar lantarki sai janareto su ɗauka, samari su yi cincirindo a gidajen kallon ƙwallo da rumfunan cajin waya. A tsayuwa guda mutum zai ji Hausa da Fulatanci da Sayanci da Jaranci, ga Yarabanci da harshen Ibo, ga kuma Turancin buroka da ke haɗa kowa. Kiran salla na tashi daga wannan lungu, waƙar majami'a na tashi daga wancan.

Kuɗin haya ya fi ƙarfin ɗalibi guda, sabo da haka ba abin mamaki ba ne a tarar da samari uku ko huɗu cikin ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, tukunya ɗaya. Haka kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa a ga abokai biyu maza suna tafe riƙe da hannun juna, ko ɗaya ya ɗora kai bisa cinyar ɗaya suna hira. Zumunci ne kawai, kakanni ma haka suka yi. Amma akwai wata kalma wadda in aka jefa ta cikin irin wannan zama, nan da nan sai duk abin da ake gani na yau da kullum ya koma abin tuhuma. Kalmar ita ce luwaɗi.

A kan haramcin abin babu jayayya a Bauci. Limami da fasto, waɗanda ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, a nan sun haɗu. Cibiyar Pew ta Amurka, mai auna ra'ayin jama'a, ta samu a 2013 cewa kashi 98 cikin ɗari na 'yan Nijeriyar da ta tambaya ba su yarda al'umma ta karɓi neman jinsi ɗaya ba, a 2019 kuwa kashi 91. Inda mutanen garin suka rarrabu, ko da ba su cika faɗa a fili ba, shi ne abin da za a yi da mutumin da aka nuna da yatsa, da kuma wanda ke da ikon yi masa hukunci.

Dattawa sun san wani zamani dabam. A tashoshin mota da bakin kasuwannin Arewa, daga Kano zuwa Bauci har Maraɗi, 'yan daudu ne ke riƙe da babban kaso na sana'ar abinci. Su ke tuƙa tuwo, su soya kaji, su yi wa matafiyi zuba da karairaya da habaici, shi kuwa ya ci ya biya ya yi dariya ya hau motarsa. Mata na gayyatarsu aikin biki, 'yan bori na danganta su da Ɗan Galadima. Ba a ɗauke su mutanen kirki ba, ba uban da ke son ɗansa ya bi sahunsu, malamai kuma ba su daina wa'azi a kansu ba. Duk da haka suna da gurbi a gari, an san gidajensu, an san iyayensu. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna tare da su a Kano kafin ya fitar da littafinsa a 2009, ya nuna cewa daudanci da luwaɗi ba abu ɗaya ba ne: da yawa cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya, da yawa kuma cikin masu neman maza ba wanda zai gane su a shiga ko a magana. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan luwaɗi, ta kuma lissafa namiji mai shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Amma abin da ya fi doka ƙarfi a lokacin shi ne kunya da rufin asiri. Abin da bai fito fili ba, ba a bin sa da tono.

Jihar Bauci ta kafa dokar laifuffuka ta Shari'a a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Cikin watan Agusta na 2007 aka kama samari 18 a wani otel na garin, aka ce sun yi shigar mata za su ɗaura auren maza. Da magana ta je gaban alƙali sai tuhumar ta sauko ta koma ta shigar banza, da aka ba wasunsu beli kuwa taron da ke bakin kotu ya fusata ya yi ta jifa. Daga nan aka soma ganin tazarar da ke tsakanin abin da titi ke so da abin da kotu ke iya tabbatarwa.

Tazarar ta fito sarai a farkon 2014. Ran 7 ga Janairu Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga mai shiga ƙungiyarsu ko nuna soyayyarsu a fili. A makwannin ne aka ji an kama mutane 12 a Bauci, 11 Musulmi, ɗaya Kirista, wanda aka ce shi kotun gwamnati za a kai. Musulmin kuwa da dokar Shari'a ta jiha aka tuhume su, ba da sabuwar dokar tarayya ba, amma hayaniyar dokar ce ta ɗumama gari. Ran 16 ga wata aka yi wa wani saurayi da ya amsa laifi bulala 20, aka ci shi tarar Naira 5,000. Mutane da yawa suka ga hukuncin ya yi sauƙi.

Ran 22 ga Janairu, da aka kawo wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma Babbar Kotun Shari'a ta Unguwar Jaki, jama'a suka yi dafifi suka kewaye wurin, suna neman a yanke hukuncin kisa nan take. Duwatsu suka yi ta faɗawa cikin kotu, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama kafin aka fitar da mutanen da rai aka mai da su kurkuku. Alƙali El-Yakubu Aliyu ya shaida wa masu neman kisa cewa ba a yanke wa mutum irin wannan hukunci sai an tabbatar da laifinsa ba tare da shakka ba. Cikin watan Maris aka yi wa mutum huɗu bulala 15 kowanne da tarar Naira 20,000. Ran 1 ga Afrilu kuma kotu ta sallami biyu, domin ba a sami wanda ya gan su da idonsa ba.

Abin lura a nan, alƙalin bai ari hujjarsa daga Turai ba, daga littattafan Malikiyya ya ɗauko ta. A mazhabar, haddin luwaɗi mai tsanani ne ƙwarai, amma ƙofar tabbatar da shi ƙunci gare ta: ko dai mai laifi ya yi iƙirari da bakinsa bisa zaɓinsa, yana kuma da damar janyewa, ko a kawo shaidu huɗu adilai waɗanda suka ga aikin ƙuru-ƙuru. Wanda ya jefi wani da wannan zargi ya kasa kawo shaidu, shi ne bulala 80 ta ƙazafi ke jira. Watau masu jifan kotu da sunan kishin Shari'a, Shari'ar suke jifa. Ran 30 ga Yuni, 2022, wata kotun Shari'a a Ningi ta yanke wa maza uku hukuncin jefewa, tare da damar ɗaukaka ƙara. Irin wannan hukunci ba ya zartuwa sai gwamna ya sa hannu, kuma tun da jihohin Arewa suka dawo da dokokin haddi a 2000 ba a taɓa jefe kowa bisa umarnin kotu a Nijeriya ba.

To, mene ne haɗin wannan duka da ɗalibin da ke haya a Gwallameji? Haɗinsa shi ne shi baƙo ne. Ɗan daudun tasha na dā yana da dangi da mai unguwar da suka san shi tun yana yaro. Ɗalibin da ya zo daga Gombe ko Langtang ko Azare ba shi da wanda zai tsaya masa in abokin ɗaki ya ji haushinsa kan bashi, ko in muryarsa ta cika laushi, ko in an ga wani saƙo a wayarsa. Jita-jitar da dā take kwana bakwai kafin ta ƙetare unguwa, yanzu kafin a idar da sallar isha'i ta gama zagaya WhatsApp da hoto. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bayar da rahoto a 2016 cewa bayan dokar 2014 an sami ƙaruwar duka da ƙwace da korar 'yan haya a sassan ƙasar bisa zargi kawai. Har sana'a aka samu, wadda ake kira kito: a yaudari mutum ta waya, a tsare shi, a ɗauki hotonsa, a riƙa tatsar kuɗi daga gare shi da barazanar tona masa asiri. Likitoci ma suna da nasu kukan. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna masu tsoron zuwa asibiti cikin irin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar. Cutar ƙanjamau kuwa in ta ɓuya ba ta tsayawa kan mai ita, har matar aurensa takan kai.

Wayoyin Tecno da Itel da ke hannun yawancin ɗaliban nan na wani kamfani ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, inda al'amarin ya bi wata hanya dabam. Can an soke dokar da ake kama masu neman jinsi ɗaya da ita a 1997, aka cire abin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2001. A binciken Pew na 2013 kashi 21 cikin ɗari na Sinawa suka ce a karɓe su, 57 suka ce a'a. A manyan birane irin su Chengdu da Shanghai ba mai jifan kowa, amma doka ba ta san auren jinsi ɗaya ba, hukuma kuma ba ta son taro: bikin shekara-shekara da suke yi a Shanghai tun 2009 ya tsaya a 2020, cibiyarsu ta Beijing ta rufe a 2023. Babban nauyin kuwa a gida yake. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, ta bar iyaye da yawa da tilon ɗa, ga al'adar da ke ganin yankewar zuriya babban saɓo ne ga magabata. Sabo da haka duk hutun sabuwar shekara tambayar ɗaya ce, yaushe za a yi aure, wasu kuma sukan yi auren don a ƙyale su, a bar matar da baƙin cikin da ba ta san tushensa ba. Bahaushe ba zai rasa gane wannan tambaya ba, don ita goggo ke yi wa duk saurayin da ya haura talatin.

A Gwallameji dai ba a tattauna wannan magana a teburin mai shayi, sai dai a yi ba'a da ita a wuce, ko a zagi ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo da ita. In dare ya raba aka kashe janareto, samari sukan fito daga gidan kallo su bi lunguna da hasken waya, uku-uku, huɗu-huɗu, kowane rukuni ya nufi ɗakin da suka haɗa kuɗi suka kama.