Ranar da ordinatar gidanmu ta ƙi tashi

Wannan labari ne daga gidanmu a nan Maradi, muka ce bari mu ba ku, ko wani ya tsira da abinsa.

Muna da tsohuwar kwamfuta ta tebur, ƴar gwanjo, wadda kowa a gida ke ce ma ordinatar. A cikinta Autarmu ta rubuta memuwar ɗinta na ƙare karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, aikin wata takwas, saura mako uku ta kai wa malaminta. A ciki kuma hotunan marigayi Baba suke, waɗanda babu su a wayar kowa. Ba mu taɓa kwafe ko ɗaya a wani wuri ba. Wannan laifinmu ne, mun amsa.

Wani dare cikin bazara aka ɗauke kuran, ya dawo da ƙarfi wajen asuba. Da safe Auta ta danna maɓalli, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ta fito tsakar gida tana cewa: "Yaya, na shiga uku, ta mutu!" Inna kuwa sai salati take.

Abin da muka fara dubawa shi ne wanda ya fi arha. Muka sa cajar waya a ralonjin da kwamfutar ke ciki, ba ta kawo ba, ga ɗan warin ƙuna. Ashe ralonjin ne ya ƙone. Muka cire waya muka sa ta kai tsaye a piris na bango. Nan take ƙaramar fitilar gaba ta kama, fanka ta fara juyawa. Har mun fara murna, sai muka ga ekaran baƙi ƙirin, injin kuma yana ta kuka, ƙit, ƙit, ƙit, ba tsayawa.

Muka kira wani mai gyara a unguwa. Ko buɗe ta bai yi ba, ya ce: "Malam, sai dai a formate ta, a sa sabon Windows." Muka tambaye shi, to abin da ke ciki fa? Ya ce sai haƙuri. A nan muka tsaya, kuma a nan muke so ku tsaya ku ma. Formate na nufin share disk, wato rumbun da takardu da hotuna suke. Kwamfutar da ba ta nuna komai a ekaran ba, ba ta ma kai ga Windows ba tukuna, to mene ne laifin Windows? Wannan kukan da take yi, allon uwa ne ke faɗin cewa ya duba kayan cikinsa ya tarar da matsala. Kowane kamfani da irin kukansa, amma sau da yawa ram ce, wannan siririn katin da injin ke aiki da shi. Muka ba shi kuɗin kabu-kabu, muka yi masa godiya.

Muka cire waya daga bango, muka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don sauran wutar da ke ciki ta fita. Muka kwance murfi da turnabis. Wallahi ƙurar da muka gani, ta hunturu nawa ce, Allah kaɗai ya sani, har da saƙar gizo a bakin fanka. Kafin taɓa komai muka dafa ƙarfen akwatin, saboda a busasshen yanayi irin namu jikin mutum na tara ƴar wutar da ke iya lalata kati. Muka kaɗe ƙura da busasshen buroshi, ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma. Muka buɗe ƴan maƙallan gefe biyu, ram ta fito, muka goge bakinta mai ruwan zinariya da gom na ƴan lakkol, muka mayar har ta ce ƙas.

Kuka ya tsaya, rubutu ya fito. Amma ba ta shiga ba, ta ce ba ta ga inda za ta tashi ba, kwanan wata kuma ya koma shekaru baya. Sai muka tuna watanni ke nan agogonta na ɓacewa duk sanda aka ɗauke kuran, muna gyarawa da hannu muna wucewa.

Auta ta ce mu ci gaba, muka ce a'a, aikinki tukuna. Muka ciro disk ɗin, muka kai gidan wani aboki mai ƙaramin akwatin da ake sa disk a haɗa da USB. Ya jona a tasa kwamfutar, sai ga komai lahiya lau: memuwar, hotunan Baba, har da waɗanda muka manta da su. Muka kwafe a kile biyu. Auta ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, ba wanda ya hana ta.

Sauran aikin ƙarami ne. A kan allon uwa akwai pil mai kamar kwabo, CR2032, mai volt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in babu wuta. Ya mutu, saiti ya koma na asali, shi ya sa ta daina neman disk ɗinmu da farko. Muka samo sabo wajen masu gyaran agogo a babbar kasuwa, dala ɗari. Muka mayar da disk, muka kunna muna danna F2 (a wasu injina Del ne), muka gyara kwanan wata, muka sa disk a sahun farko. Ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Auta ta kai aikinta saura kwana huɗu. Kile ɗaya na cikin jakarta, ɗayan kuma Inna ta karɓe ta sa a kwallar da take ajiyar takardun gida, ta ce ba mai taɓa shi sai da izininta.