A Gareji Ake Cin Tseren Mota



Yau maganar mota na kawo muku, kuma da tambaya zan fara. Idan motoci ɗari suka tashi tsere mai nisa a cikin daji, wacce za ta ci? Na yi wa 'yan ajinmu wannan tambaya, kusan kowa ya ce wadda ta fi gudu. Mutum ɗaya ne ya ce wadda ba ta lalace a hanya ba, kuma shi ne ya canka.

Shekarata 13, ina aji biyu. Ranar Asabar da Lahadi da lokacin hutu ina zuwa garejin kawuna a nan Kazaure. Aikina shi ne miƙa sifana, wanke noti, da riƙe fitila idan Kawu ya shiga ƙarƙashin mota. Komai yawan sabulun da na sa, baƙin mai ba ya fita daga farcena kafin Litinin. Shi ya sa wasu suke kira na Baƙin Mai. Wani ma ya taɓa ce mini kanikanci sana'ar wanda ya kasa karatu ce. Maganar ta yi mini ciwo, amma ban rama da baki ba. Wannan rubutu shi ne amsata.

Akwai wani irin tsere da ake kira rali. Ya bambanta da wanda motoci suke zagaya fili mai kwalta. Shi a hanyar burji ake yin sa, da cikin rairayi, da kan duwatsu, wani lokaci kwana da kwanaki. Motocin ba sa tashi tare. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, ana duba agogo, wanda ya ɓata lokaci mafi ƙanƙanta shi ne gwani. Mutum biyu ne a cikin mota: direba, da abokinsa mai riƙe da littafin hanya, yana gaya masa ga kwana, ga rami, ga gada.

Wanda ya fi suna a irin wannan tsere shi ne Paris-Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya ɓata a Sahara da babur ɗinsa a 1977, aka tsinto shi da rai. An tashi na farko daga birnin Paris ranar 26 ga Disamba 1978, aka isa Dakar ta ƙasar Senegal ranar 14 ga Janairu 1979. Tafiyar ta kai kusan kilomita 10,000, kuma ta ratsa maƙwabtanmu na Nijar, ta bi ta Agadas da Yamai. To, ku lura da wannan lissafi. Motoci da babura da manyan motoci 182 ne suka tashi, 74 ne kawai suka kai. Wato fiye da rabi sun tsaya a hanya.

A cikin waɗanda suka kai akwai wa da ƙani, Claude da Bernard Marreau. Motarsu 'yar ƙarama ce, Renault 4, irin ta zuwa cefane. Sun gyara ta yadda duka tayoyinta huɗu suke ja, suka shiga Dakar cikin na gaba-gaba, suka bar manyan motoci a baya. A 1982 suka dawo da Renault 20, suka ci tseren gaba ɗaya a ɓangaren motoci. Da na ji labarinsu sai na fahimci cewa tun a gareji aka fara cin tseren.

A bayan garejin Kawu akwai wata matacciyar Golf da kaji suke kwana a ciki. Wata rana da babu aiki na tambaye shi, "Kawu, da za a ce ka mai da wannan ta zama motar rali, daga ina za ka fara?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗauko alli, ɗan nan, ka zo mu gani." Abin da ya zana mini a jikinta, da abin da malaminmu na Fasaha ya ƙara mini, shi zan jero muku.

Aiki na farko shi ne tuɓe mota. Ana cire kujerun baya, da darduma, da rediyo, da duk wani kayan ado. Dalili biyu ne. Nauyi yana cinye ƙarfin inji, sannan kayan roba da soso abincin wuta ne idan gobara ta tashi. Sai an bar bodi tsirara sannan a duba ko akwai tsatsa ko tsagewa. Bodin da tsatsa ta ci ba ya zuwa tsere, ko da an shafa masa sabon fenti.

Na biyu, walda. A masana'anta, da ɗigo-ɗigon walda ake haɗa ƙarafan bodi. Wannan ya isa ga motar da za ta bi kwalta, amma idan ta yini tana faɗawa ramuka da gudu, haɗin zai fara buɗewa. Don haka mai walda yana bin gaɓoɓin yana ƙara musu ɗinki, musamman inda ƙafafun mota suke riƙe da bodi.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, wato keji. Ana lanƙwasa bututun ƙarfe mai ƙwari, wanda ba shi da ɗinki a jikinsa, a gina shi a cikin motar kamar ƙashin haƙarƙari. Yana bi ta gefen gilashin gaba, ya haye rufi, ya sauka bayan kujeru, ya gicciya ƙofofi. Idan mota ta ƙundumbala, kejin ne yake hana rufi ya danne mutane. Na ce ko za a iya yi da fayif ɗin ruwa, tunda yana da araha. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai tarko ka haɗa wa direba. Fayif ɗin ruwa karyewa yake, ya zama mashi."

Na huɗu, kujera da bel. Kujerar tsere tana da zurfi, tana rungume mutum ta gefe da gefe, kuma da noti ake ɗaure ta ƙam. Bel ɗinta yana kama kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin cinyoyi, duka su haɗu a maɓalli ɗaya da ake buɗewa da hannu ɗaya. Ga hular kwano, ga riga mai jure wuta, ga tukunyar kashe gobara, ga wani makunni da yake yanke wutar batir nan take. Akwai irinsa a waje, domin mai ceto ya iya kashe motar ko da direba ya suma.

Na biyar, ƙafafu da ciki. Ana ɗaga motar sama kaɗan, a sa mata sifirin da shokazoba masu ƙarfi. Sai a ɗaura faifan ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin inji. Dutse ɗaya ya isa ya fasa kwanon baƙin mai, kuma idan mai ya tsiyaye inji ya buga ke nan. Bututun birki da na fetur ma ana kāre su, kada tsakuwa ta yanke su.

Na shida, numfashi da sanyi. Inji yana shaƙar iska kamar mu. Idan ƙura ta shiga cikinsa sai ta riƙa cin ƙarfe kamar ana goga masa yashi. Saboda haka ana sa matatar iska mai kyau, ana tsabtace ta kullum. Lagireto kuma dole ya zama lafiyayye, don zafin hamada ba ya wasa.

Na bakwai, taya da guzuri. Tayar burji tana da kaurin gefe. Idan an shiga rairayi mai laushi ana rage mata iska, sai ta baje kamar tafin raƙumi, ta daina nutsewa. Ana ɗaukar safaya, da jak, da shebur, da igiyar ja, da ruwan sha mai yawa, a ɗaure kowanne tam. Sifana ɗaya da aka bari a sake tana iya fasa kan mutum idan mota ta kife.

Na ce, "Kawu, har yanzu ba mu taɓa ƙarfin inji ba fa." Ya ce, "Shi ne na ƙarshe. Wanda ya ƙara wa mota gudu bai ƙara mata birki ba, kabari yake haƙa." Malaminmu ya ƙara mini da lissafi: idan gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin karonta sau huɗu yake ninkawa. Ku sake duba jerin nan da kyau. A cikin ayyuka bakwai, kusan duka na tsare rai ne da tsare mota.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kanikawanmu sun riga sun san da yawa daga cikin wannan aiki. Ku dubi motocin da suke shiga ƙauyukan Roni da Gwiwa ranar kasuwa, ta hanyoyi masu tsakuwa da kwazazzabai, ko masu ratsa rairayin ƙauyukan Babura. Wa ya ƙara musu sifirin don su ɗauki buhuna? Wa ya ɗaga su don kada cikinsu ya daki ƙasa? Wa ya koya wa direba ya rage iskar taya idan ya kafe? Mutanen da hannunsu yake baƙi ne. Abin da ya rage mana shi ne awo da lissafi da kayan tsare rai, kuma waɗannan a makaranta ake samun su.

Ko motar da iyayenmu suke yabo, Peugeot 504 da muke kira Fijo, tana da tarihi a tsere. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita. A wannan shekarar ce kuma aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Ashe motar da ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Daura 'yar gidan gwanaye ce.

Yanzu bari in taɓo abin da yake damuna. Mun san wasan mota da samari suke yi a wajen biki. Mota cike da mutane, wasu zaune a kan taga, direba yana juyi yana tayar da ƙura, mu yara muna bin su da ihu. Da yawa a cikinmu suna ganin wannan shi ne tsere. Ku gwada shi da jerin da na kawo. Babu keji, babu bel, babu hula, ba a rufe hanya ba, babu motar asibiti a kusa. Na ga irin motocin nan an jawo su gareji bayan biki, rufi ya lotse, gilashi ya tarwatse, takalmin wani yana ciki. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Mu da muke tsayawa kallo a bakin hanya mun fi kowa shiga haɗari, domin jikinmu ne bodinmu.

Ko tseren da aka tsara ma yana cin rai. Shi kansa Thierry Sabine ya rasu ranar 14 ga Janairu 1986, lokacin da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali ana tsakiyar tsere. A 2006 motocin da suke cikin ayarin tseren sun kaɗe yara biyu sa'anninmu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, duka suka rasu. An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mai da shi Kudancin Amurka daga 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Idan masu shiri irin wannan suna rasa rayuka, ina ga wanda ya ari motar yayansa ya shiga taron biki? Rigakafi dai ya fi magani.

A ƙasarmu ma akwai abin koyi. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020 an yi ralin motoci daga Abuja zuwa Argungu, da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa a lokacin shi ne Jelani Aliyu. A Sakkwato ya tashi, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Amurka ya koyi zanen mota, har ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Daga kwalejin fasaha ya fara, kuma mu ma ga irinta a garinmu, wato ta Hussaini Adamu. Ni can nake fata in shiga bayan sakandare, in Allah ya yarda, in haɗa abin da Kawu ya sani da abin da littafi ya ƙunsa.

Zan rufe da roƙo ga shugaban makaranta da malaminmu na Fasaha. Duk cikinmu babu wanda bai taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa ba. A ba mu rana ɗaya a zangon nan mu yi namu ralin a filin makaranta. Kowane aji ya ƙera mota ɗaya da gwangwani da waya da tsohon silifa. A shata hanya mai yashi da tsakuwa da gangara. A sa ɗanyen ƙwai a cikin kowace mota a matsayin direba. Ajin da motarsa ta kai ƙarshe da tayoyinta huɗu, ƙwanta bai fashe ba, shi ya ci. 'Yan mata ma su shigo, don awo da lissafi ba su san namiji ko mace ba. Duk mai son shiga ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da ke ƙasan wannan allo. Wanda ba shi da almakashin yanka gwangwani ya neme ni, Kawu ya ce zai ara mana.



Daga ɗan'uwanku na aji biyu, ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta.