Balo a Gaya, a filin da ba na balo kaɗai ba

Duk wanda ya taɓa kallon wasa a filin Janar Seyni Kountché na Yamai ya san abin da hanyar 'yan tsere ke yi wa mai kallo. Fili ne mai ɗaukar mutum 35,000, a nan aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, amma layukan gudu sun raba ka da 'yan wasa, sai dai ka hango su can nesa. Shi ya sa masoya balo ke ƙorafin cewa filin da ake gudu da biki da taro a cikinsa ba filin balo ba ne. Na fahimce su, sai dai a gari irin Gaya ban ga laifin fili ya zama na kowa ba.

Da asuba masu motsa jiki ne ke zagaye shi. Wata rana 'yan lakwal ne ke tsere, wata rana taron hukuma, da la'asar kuma ƙungiyoyin unguwa da na gasar jiha su karɓa. Garin da bai da kuɗin gina fili uku dole ya raba ɗaya.

Kuma kallon da ake yi a nan, wallahi ba a samun sa a gidan kallo. Kana tsaye dab da layi, kana jin hakin ɗan baya, kana jin mai tsaron gida yana tsawa da Dendanci ana amsa masa da Hausa, mai horarwa kuma yana ta faɗa da Faransanci. Na ga an yi canji, wanda ya fito ya zauna a ƙasa ya kwance takalminsa da sauri ya miƙa wa mai shiga, shi kuma ya cusa tsumma a ciki saboda ya yi masa yawa. Da damina, kasancewar Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Nijar, balo kan tsaya cak a taɓo ɗan gaba ya wuce ta da gudu. Da hunturu ƙura ce ke ɓoye ragar can ɓangaren. Mai rake na gefe, 'yan kabu-kabu sun jera babura sun hau kai suna yi wa arbit gyara.

Yaran nan ba albashi suke ɗauka ba. Wani daga bakin kogi ya zo, wani daga shagon ɗinki. Tafiya Dosso kaɗai kusan kilomita 150 ce, kuɗin mota da abinci kuwa daga aljihun wani ɗan kasuwa mai kishin unguwarsa suke fitowa. Tun da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, manyan motocin Kwatano suka daina ƙetarowa, aljihun garin ya ji jiki. Wanda ke fama da cefanen gida ba za ka tunkare shi da maganar rigunan balo ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke raina abin namu. Matashi zai lissafa maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci, amma bai san sunan mai tsaron gidan unguwarsu ba. Alhali 'yan ƙungiyar ƙasa, Mena, da Harouna Doula ya kai wasan kusa da na ƙarshe na CHAN a Aljeriya a farkon 2023 duka 'yan gasar cikin gida ne, kuma babu wanda ya fara a kan ciyawa mai laushi. Mu mutanen jihar Dosso mun san daɗin namu ya yi fice: ku tuna yadda gari ke ruɗewa duk sanda Issaka Issaka ya ɗauko takobin kokowa. Me ya hana balo samun ko da rabin wannan gatan?

Matsalar filin kowa ita ce rashin mai kula. A yi taro a kafa rumfuna, a tashi a bar ramukan turaku, washegari yaro ya zurma ƙafa ya gurɗe, shi ke nan kakarsa ta ƙare. Ina roƙon ofishin magajin gari da shugabannin balo na yanki su zauna su tsara wa ke da fili a wace rana, kuma duk wanda ya yi taro ya cike raminsa kafin ya tafi. A sa mutum ɗaya mai ɗan alawus ya riƙa share tsakuwa yana ja layi. Mu 'yan kallo kuma, dala ashirin a bakin ƙofa ba za ta gagare mu ba, muddin za a faɗa mana a fili inda ta shiga.